Ranar da Direba Ya Karya Fensir

A wata tasha an yi wani direba da ya ƙware a sudoku, wasan nan na bayan jarida: gidaje tamanin da ɗaya, ka cika su da lamba ɗaya zuwa tara, kada wata ta maimaitu a layin tsaye, ko na kwance, ko cikin ƙaramin akwatinta mai gida tara. Shekara uku, in ana jiran lodi, shi ake zagayewa ana kallo, har sunansa ya ɓace, sai dai "Gwani". Kwatsam sai ga mai facin bakin ƙofa, hannu duk baƙin taya, ya fara tsintar tsohuwar jarida yana gwadawa. Cinke kawai yake yi da guntun fensir, ya rubuta ya goge har takarda ta huje. Amma yana gamawa, kuma mutane sun fara leƙa kafaɗarsa. Abin ya tsone wa direba ido, shayi ma ya daina yi masa daɗi. Wai mai faci! Rannan a gaban jama'a ya fizge fensirin, ya karya, ya cilla masa biro, ya ce, "Fensir na 'yan firamare ne, malam. In ka isa, yi da wannan."

Nufinsa ya kunyata shi ya bar wasan. To biro ba ya goguwa, dole cinke ya ƙare. Mai faci ya koma farawa daga layin da ya fi cika. Kowace lamba sai ya bi ta tsaye, ya bi ta kwance, ya duba akwati, in ba gida ɗaya tak ya rage mata ba, ya ƙyale ta ya yi gaba. Wata biyu yana wannan tafiyar hawainiya. Da 'yan tasha suka sayo jarida biyu iri ɗaya suka haɗa su gasa da biro, direba rabin idonsa na kan takardar abokin karawarsa. Ya ga ana cim masa, zuciya ta ɗebe shi, ya cinka bakwai inda ba gidanta ba. Sai can ƙasa ya tarar da bakwai biyu a layi guda, ga tawada ta bushe. Yana zaune aka kira "Gwani", ya ɗaga kai, ashe ba da shi ake ba.

Shi ya sa Bahaushe ya ce hassada ga mai rabo taki ce.