Ciwon Kawu

Jiniya bai kai loma ta biyu baki ba Gwaggo ta ɗora masa ƙafarta a cinya.

"Duba min nan, Likita. Kumburi ne ko ƙiba?"

Shi fa ba likita ba ne. Ma'aikacin motar asibiti ne, cikin masu dirowa da gudu su ɗauki wanda ya yi hatsari ko ya yanke jiki ya faɗi, shi ya sa abokai suka laƙaba masa Jiniya. Amma je ka faɗa wa dangi! Shekara goma sha ɗaya ke nan bai ci abinci da zafinsa a cikinsu ba. Wannan ya wage baki a duba masa haƙori, wancan ya kwaye riga ya nuna ƙurji, har maƙwabci ya taɓa jawo masa akuya mai tari. Amsarsa kullum ɗaya ce, a je asibiti a gwada, kuma ba wanda ke zuwa.

Ranar sai ga Kawu ya ja shi gefe. Kawu ne ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa, mutum ne kuma da ba a taɓa jin ya ce wash ba. Ƙusa ta taɓa shige masa a tafin ƙafa, filaya ya sa ya zare ta ya koma aikinsa.

Kawu ya cire hula, ya leƙa cikinta, ya mayar.

"Ƙishirwa nake ji kamar na ci gishiri da cokali. Ga yawan fitsari, ga kasala." Ya sake leƙa hular. "Ido yana hazo-hazo. Wando ya fara yi min yawa. Sannan akwai ciwo a ƙafa da ya ƙi warkewa."

Jiniya ya kwankwaɗi kofin ruwa na uku, ya ajiye. Ya san wannan jerin kamar sunansa, ciwon sukari ne. Ko a makon jiya sun ɗauko wani dattijo da ya yi sakaci da shi har ya suma a bakin shagonsa.

"Cire safar in gani, Kawu."

"Haba, mutane na cin abinci."

"To gobe mu je asibiti."

"Ni? Allah ya sawwaƙe."

Jiniya ya yi lallashi, ya yi barazana, ya kawo 'yar na'urar gwajinsu har gida. Kawu ya ce ba zai miƙa jininsa ga abin da ya yi kama da wayar yara ba. Mako guda ana wannan ja-in-ja, duk Jiniya ya bi ya zabge, har sai da ya ƙara wa bel ɗinsa huji. Barci ma ya ƙi, sau biyar yake tashi kafin gari ya waye. Ga sabon takalmin aiki da ya ci masa dunduniya wata biyu ke nan, amma wa yake ta takalmi? Tsoronsa ɗaya ne, kada wata rana a kira motarsu ya tarar Kawu ne a kwance.

Matarsa, wadda ta shekara tana yi masa mita kan lafiyarsa shi yana cewa ta bar wa masu aikin aikinsu, wannan makon ta yi shiru abinta. Sai ran nan tana cika masa gorar ruwa ta ce, "Ka san tsofaffi, tsoron allura yake. Ka ce masa da kai za a fara."

Jiniya ya yi tsaki. Yatsun da ya huda sun fi dubu, nasa kuwa ko sau ɗaya, don a cewarsa in ba shi da lafiya ai shi zai fara sani. Amma saboda Kawu ya yarda. Abin mamaki, Kawu ma bai ja ba, sharaɗinsa kawai duk abin da za a yi masa a fara yi wa Jiniya a kan idonsa.

Da safe suka tafi su uku, shi da matarsa da Kawu, ba wanda ya karya. A bakin ƙofar asibitin Kawu yana ɗingisa ƙafar hagu, kafin su kai ɗakin gwaji ya koma ɗingisa ta dama. Jiniya ya ce a ransa, shi ke nan, abin ya kama ƙafa biyu.

Aka fara da shi. Nas tana ɗaga allura gogan naka ya runtse ido ya damƙe kujera, abokan aikinsa biyu da suka leƙo suka kusa faɗuwa don dariya. Kawu kuwa ya miƙa hannu yana tambayar nas lafiyar iyayenta.

A kan bencin jira Jiniya ya yi ta shirya kalmomin da zai sanyaya wa Kawu rai da su, idonsa ya ciko da ƙwalla. Kawu yana gefe yana ɓare ayaba ta uku.

Can nas ta fito da takardu biyu.

"Baba, kai jininka kamar na saurayi." Ta juyo wajen Jiniya, fara'ar ta ɗauke. "Kai ne likita ke son gani, yanzu-yanzu."

"Kun musanya takardu," in ji Jiniya yana miƙewa. "Shi ne mai ƙishirwa, shi ne mai..."

Kawu ya cire hula, ya zaro wata 'yar takarda mai rubutun da Jiniya ya sani sarai, ya miƙa wa matar Jiniya.

"Ungo takardarki, 'yata. Duk ciwon mijinki na faɗa masa yadda kika rubuta, ƙafar ce kawai ba ki ce ta dama ko ta hagu ba."