Gugguru Biyu, A Ƙara Albasa

Da aka tafi hutun rabin lokaci, Millbrook na gaba da maki goma sha bakwai, Koci Wendell Brubaker kuma ya riga ya tauna rabin bakin hularsa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan sakandarensa ta Harlan Creek ba ta ci ta Millbrook ba a ƙwallon Amurka, wadda ake jifa da hannu a ruga da ita. Ranar Litinin shugabar makaranta ta kira shi ofis, ta ba shi kofi, ta ce cikin fara'a idan aka sake a wannan Asabar ɗin, zai koma koya wa ɗalibai tuƙin mota. Brubaker ya taɓa yin wannan aikin. Har yau wuyansa bai gama warkewa ba.

Duk dabarar kai hari tana hannun mataimakinsa Lonnie Stoltz, wanda ke zama can saman rumfar 'yan kallo yana hangen fili gaba ɗaya, yana faɗo wa Brubaker abin da za a yi ta na'urar kunne. Na'urorin tsofaffi ne, na gwanjo, kowace murya a cikinsu kamar ta kwaɗo a bokiti. Saboda Millbrook sun ƙware wajen karanta leɓɓa, Lonnie ya sauya wa dabarun suna da abin da ya fi sani a duniya. Kaza na nufin a ruga da ƙwallo. Dankali gajeren jifa ne, gugguru dogon jifa. Lambar da ta biyo baya ita ce ɗan wasan da za a ba. Albasa kuwa yaudara ce, kuma Lonnie bai taɓa kiranta ba, don mutum ne matsoraci da ke ɗaura bel ko a motar da ke ajiye.

Aka dawo fili. Na'urar ta yi ƙara, ta yi tari, sannan muryar ta fito.

"Gugguru uku."

Brubaker ya ɗaga kai ya dubi rumfa. Dogon jifa tun daga nan? Amma lokaci na tafiya. Ya ce, "Na ji," ya isar wa mai jifa, Darnell Pruitt. Darnell ya ja baya ya cilla. Yadi arba'in da biyu, ƙwallo ta faɗa hannun mai lamba uku kamar an aike ta.

"Gugguru uku."

"Kuma? Lonnie, sun gane mu fa."

Brubaker ya ɗauka ƙarfin hali ne. Millbrook ma ba su zaci akwai mahaukacin da zai maimaita ba, sai ga mai lamba uku ya tsallaka layin ƙarshe na cin maki shi kaɗai, yana waige.

Daga nan abin ya zama kamar mafarki. Dankali bakwai. Dankali bakwai, gugguru ɗaya. Dabaru na zuwa da sauri, wani lokaci tun kafin alƙalin wasa ya ajiye ƙwallo, har Brubaker yake tara su a tafin hannu da biro. An jefa wa wani ƙaton ɗan wasa da rabonsa da taɓa ƙwallo tun yana aji ɗaya, ya kama ta da ciki, ya faɗi gaba, aka samu yadin da ake nema. Kocin Millbrook ya yaga takardunsa na leƙen asiri, waɗanda duk sun nuna masa Lonnie Stoltz gudu da ƙwallo kawai ya sani. 'Yan kallo suka miƙe tsaye. Hatta dogon layin masu jiran abinci da ke bayan rumfa ya yi ta hayaniya yana buga ƙafa.

Saura daƙiƙa tara, Millbrook na gaba da maki uku, dama ta ƙarshe, yadi goma sha huɗu zuwa layi. Duk mai hankali bugun ƙafa mai maki uku zai yi a tashi kunnen doki.

"Gugguru biyu, a ƙara albasa. Don Allah a yi sauri, mutanen nan sun gaji da jira."

Idon Brubaker ya ciko da ƙwalla. Shekara goma sha ɗaya. Wallahi sun gaji.

Darnell ya zaro ido. "Koci, sau ɗaya muka gwada albasa, kuma ranar na fasa gilashin motarka."

"Je ka fasa wani, ɗana."

Darnell ya miƙa wa na bayansa ƙwallo, shi kuma ya yi kamar zai ruga dama, Millbrook suka bi shi kaf, sai ya juyo ya mayar wa Darnell. Mai lamba biyu na tsaye a kusurwa, ba kowa kusa da shi, har yana ɗaga hannu kamar mai tare tasi. Darnell ya cilla, ƙwallo ta tashi tana karkarwa, ta sauka a ƙirjinsa.

Garin Harlan Creek ya zubo cikin fili. Shugabar makaranta ta rungume alƙalin wasa bisa kuskure. Brubaker ya kutsa cikin jama'a har ya iske Lonnie yana saukowa daga matakala, fuskarsa ja wur, ya ɗaga shi sama.

"Ashe haka kake, Lonnie! Ina ka ɓoye wannan zuciyar?"

"Sauke ni! Me na yi maka, Wendell? Sau arba'in ina ce maka kaza, ko ɗaya ba ka bi ba."

Kafin Brubaker ya buɗe baki, wani ƙaton mutum ɗaure da ƙyallen girki ya taho daga rumfar abinci yana huci, na'ura irin tasu a kunnensa.

"A cikinku wane ɗan rainin wayon ne ke ce mini 'Na ji'? Tun rabin lokaci nake kira wa kicin odar mutane, su kuma sai kaza suke soyo mini!"