Janar Ya Ɓata

Tawat na durƙushe a kicin, kansa cikin kabad ɗin ƙarƙashin famfo, matarsa Lamyai ta shigo.

"Yaya, me ake nema?"

"Famfo ne ke ɗiga."

"Yanzu da yankan gwanda ake gyaran famfo?"

Ya cusa gwandar a aljihu, ta cakuɗe masa wando. Ai ba zai iya gaya mata Janar ya ɓata ba.

Janar kyankyaso ne, amma kada ka kuskura ka faɗi haka gatsau a gaban Tawat. Ɗan Madagaska ne, tsawonsa ya kai ɗan yatsa, da ƙullutu biyu a ƙeya kamar ƙahonni, in ka taɓa shi ya yi maka huci kamar kububuwa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi: wasu mazan Bankok zakarun faɗa, wasu kifi, shi kuwa Tawat, mai gyaran firji, kyankyasai. A ɗakin shirgi yake ajiye su cikin akwatin gilashi, kowanne da sunansa.

Da can a fili ake sayar da su a kasuwar Catucak. Sai hukuma ta ce ƙasar na da isassun kyankyasai nata na gado, ba ta bukatar baƙi. Aka hana shigo da su, aka hana sayarwa, farashi ya yi tashin gwauron zabi.

Ita Lamyai tun ranar farko ta kafa tata dokar, wadda ta fi ta hukuma tsanani. Da ta leƙa akwatin ta kurma ihu har maƙwabta suka fito da tsintsiya. "Duk ranar da na ga ɗaya a kicin ɗina," ta ce, "in feshe su kaf, in kira maka hukuma da bakina, in koma gidanmu." Tawat bai taɓa ganin ta faɗi abu ta fasa ba.

Don haka kullum sai ya shafe bakin akwatin da basilin, kamar yadda masu kiwon ke yi, don santsi ya hana su haurowa. Ya danne murfi da bulo. Amma duk da haka suna ɓacewa, ɗaya bayan ɗaya, kuma manya-manyan. Yakan tarar da bulon a wurinsa, basilin ɗin ma ba sawun ƙafa. Sai ya ƙara ganin girmansu, yana gaya wa abokai cewa dabbar da ta tsallako teku ba bulo ne zai tsare ta ba.

Sa'arsa biyu. Ta farko, Lamyai ba ta taɓa cin karo da ko ɗaya ba. Hankalinta na kan hannuwanta, waɗanda ta ce wanke-wanke na busar da su, shi ya sa kullum suke sheƙi da mai, da kuma sarƙar zinaren da ta ce 'yar'uwarta ce ta aiko mata. Ta biyu, Kawu Sanit.

Kawu Sanit kifin ado yake sayarwa a Catucak, amma a bayan labulen rumfarsa akwai wata hajar. Duk Lahadin da Tawat ya je da kukan rashi, sai ya tarar kaya sun sauka. In mace ta ɓata, mace ce ta iso. In namiji ne, namiji. "Ina da mutum a tashar jiragen ruwa," Kawu kan raɗa masa. "Kada ka tambaye ni suna." Tawat ya biya ba ciniki, ya ɓoyo baƙon cikin robar shinkafa. Abin da ke burge shi, baƙin nan ba sa baƙunta: da saukarsu sai su nufi lungun akwatin da ake ajiye musu gwanda. Ya ce hannunsa ne mai albarka.

Amma ɓatan Janar daban ne. Shi kaɗai ne namijin da ya rage, in babu shi zuri'a ta ƙare. Ga shi ƙato, ga huci. In yana cikin gidan nan, Lamyai za ta ji shi kafin ta gan shi, aure da kiwo su tafi rana guda. In kuma ya bi magudanar ruwa, sai an sayi wani, aljihun Tawat kuwa tuni kyankyasai suka cinye shi.

Ya ɗaga katifa, ya zazzage takalma, ya leƙa bayan teburin da suke ajiye turaren kakanni, har ya roƙe su taimako, ko da yake ya san da suna raye da silifa za su taimaka. Shiru.

Asabar da hantsi Lamyai ta ɗauki kwando ta ce za ta cefane. Tawat ya ga ba zai iya jiran Lahadi ba. Ya buɗe durowarta, ya daɗe yana kallon sarƙar zinaren, kunya na cin sa. Jingina kawai zai bayar, in ji shi, wata na ƙarewa ya fanso. Ya sa ta a aljihu ya hau acaɓa.

Ya tarar da rumfar Kawu Sanit ba kowa sai kifaye. Zai yi gyaran murya ke nan ya ji huci daga bayan labule, huci mai kauri wanda ko cikin dubu zai gane. Sai ga muryar Kawu ƙasa-ƙasa, yana magiya.

"Haba 'yata, wannan kuɗi ai ya yi yawa. A ina mai gyaran firji zai samo su?"

"Kawu, bar wannan zance," in ji muryar da Tawat ya aura. "Shi ne namijinsa na ƙarshe. Na baro shi yana gyaran famfo da gwanda, ko sarƙata ka ce ya kawo, zai kawo."