Saura Wata Biyar

"Ba zan cire haƙorin nan ba sai ka dakatar da maganin tsinka jininka," in ji likitan haƙori. "Jini ba zai tsaya ba."

Na tsallaka wurin likitan zuciya. Ya ce, "Kana dainawa, jini zai daskare a ƙarfen da muka sa maka a jijiya. Saura wata biyar kafin ka iya dainawa."

Na zube kan bencin da ke tsakanin ƙofofinsu, kuncina ya kumbura suntum. Ni makaniki ne, sai na tuna akwatin kayan aikina.

"Tashi mu tafi gida," na ce wa matata.

Ta buɗe jakarta, sai ga filayata a ciki, ashe tun daga gida ta ɓoye ta don kada in cire haƙorin da kaina.

"Maigida, shekararmu talatin tare. Zauna."