Masaukin Saman Tudu

"Bana a kwari za mu sauka," in ji mijina, ya ɗora yatsa kan taswirar Tokaj, yankin gonakin inabi, daidai bakin kogi.

Na cire tabarau na dube shi. Shekara talatin da ɗaya, duk kakar tsinkar inabi, masaukin saman tudu yake kama mana. Mu gangara da safe a kan kekunanmu, mu bi gonaki muna ɗanɗana giya. Da yamma ya haye a kan kekensa yana fito, ni ina baya ina tura nawa, ina tsine wa tudun da wanda ya zaɓe shi.

"Tsoho, yau kuma? Ba kai ke cewa mai kwana a kwari sauro kawai yake gani ba?"

"Gwiwarki nake tausayi," ya ce, bai ɗago ba.

Gwiwata lafiyarta ƙalau, shi ma ya sani. Sai a lokacin na lura yana haki, alhali matakala shida kawai ya hawo daga ɗakin kekuna.

Na ja yatsansa zuwa saman tudun.

"Nan za mu. Na saba turawa, keke biyu ba za su gagare ni ba."