Ƙashin Murjani

Mai Kemis ya ɗaga 'yar kwalbar gwaji saitin taga, ya ɗiga magani, ya girgiza. Ruwan ya rikiɗe ya koma shuɗi tun bai kai inda ake so ba. Kalsiyam ya sake faɗuwa ke nan.

Tankin gilashi ne mai ruwan gishiri ya kafa a falo, da kifaye kala-kala da murjani mai rai. Shi murjani da kalsiyam ɗin cikin ruwa yake gina ƙashinsa, in ya yi ƙaranci sai rassan su koɗe, su riƙa karyewa kamar alli. Nasa kuwa duk sun fara fari. Mutumin da ya shekara da shekaru yana auna wa jama'a magani, ga shi dutse ya gagare shi. In abokansa masu irin wannan kiwo suka nemi hoto, sai ya ce wayarsa ce ba ta ɗauka da kyau.

Dab da tankin kujerar Inna take, mahaifiyarsa. Tun da ƙafa ta fara ba ta wahala ya ɗauko ta ta dawo gidansa, kuma a kujerar nan take wuni. In ya taso daga shago sai ya zauna gaban gilashin, ya goge, ya auna, ya yi ta mita. Ita kuma ta riƙa ba shi labarin wa ya haihu, wa ya rasu, yana "uhm, uhm" ko waiwaye babu.

"Wai me ke damunsu ne?" ta tambaye shi wata rana.

"Ƙashinsu ne ba ƙwari, Inna. In watan nan bai gyaru ba, sayar da shi zan yi in huta da jin kunya."

"Allah sarki," ta ce.

Ya sayo wata hoda da aka yi masa tallarta, ya fara zubawa kaɗan-kaɗan, ba don ya yarda da ita ba. Sai ga shi gwaji ya fara hawa. Rassan suka dawo da launinsu, har wasu suka yi sabon toho. Gaskiya ne ruwan yakan ɗan yi hazo da rana, gansakuka ma ta ƙaru a jikin gilashi, amma wa zai tsaya duba wannan? Mai Kemis ya zama gwani. Wayar da ba ta ɗaukar hoto ta warke sarai, har bidiyo take yi. Yanzu ma ya fi daɗewa a falo, yana yi wa Inna bayanin da ba ta tambaya ba, ita kuma tana ta murmushi.

Da abin ya hau masa kai, ya sa kafinta ya yi wa tankin dogon murfi mai fitilu, ƙofar zuba abincin kifi ta koma can sama, sai shi mai tsawo ke kaiwa. Ya gayyaci abokai su zo su gani da idonsu.

Ba su samu zuwa ba. Da hantsi yana shago matarsa ta bugo waya tana kuka. Ta fito daga kicin ta tarar da Inna yashe a ƙasa gaban tankin, 'yar kujerar tsugunno a kife, kofi a fashe.

A asibiti Likita ya ɗaga hoton ƙugun da ya karye, ya daɗe yana kallo, sannan ya dubi Mai Kemis.

"Wannan ƙashin wadda ba ta shan magani ne. Na rubuta mata tun tuni. Ba kai ne mai kemis ba?"

Da ƙasa za ta tsage da ya shige. Shi da kansa yake kawo ƙwayoyin kalsiyam ɗin daga shagonsa, manya-manya masu narkewa a ruwa, kuma kullum gwangwanin yana raguwa. Kunyar da ya rasa inda zai kai, sai ya sauke ta a kan matarsa, a baranda, gaban jama'a.

"Abu ɗaya na roƙe ki a gidan nan, shi ma ya gagare ki!"

"Wallahi, Baban yara, da hannuna nake narka mata in kai mata. In na dawo, kofin ba komai."

"To aljanu ke shanyewa?"

Ta goge ido da gefen mayafi. Tun ranar, abinci kawai take ajiye masa ta wuce.

Aka yi wa Inna aiki, aka kwantar da ita. Da ya samu kansa ya sake gwada ruwan tankin, sai ya ga ya zube ƙasa warwas, alhali hodarsa ko sau ɗaya bai fasa zubawa ba. Bakin rassan har ya soma fari. Ya zauna a falon shi kaɗai, kujerar Inna ba kowa, ya rasa abin da ke masa daɗi.

Da ya je dubiya, ya tarar matarsa na gyara wa Inna filo. Ya ja kujera ya zauna, ya ce, "Murjanin nan ma ya koma gidan jiya. Wannan karon kam sai sayarwa."

Daidai nan nas ta shigo, ta jefa ƙwayar a kofin ruwa, ta ajiye ta fita. Inna ta jira ƙofa ta rufu, sannan ta tura masa kofin.

"Nemo kwalba ka juye ka kai musu, ɗan nan. Kullum ni ke ba su nawa, murfin nan naka ne ya fi ƙarfina. In suka mutu, me zai ƙara zaunar da kai kusa da ni?"