Dalilin Rashin Biya

Fayil na ƙarshe kafin a tashi shi ya tsayar da hannunta.

Kamfanin da take wa aiki a Landan yana sayen basukan da suka gagari bankunan ƙasashe masu kashe sefa. Aikinta shi ne ta karanta fayil, ta zaɓi dalilin rashin biya cikin huɗun da ke kan allo: tsadar kuɗin ruwa, faɗuwar farashi, rasa aiki, ko fari, wato ƙarancin ruwan sama.

Wannan na wani mai fataucin albasa ne a Maraɗi. Ya ce wa banki rumbu zai gina, ya jinginar da gidansa. Shekara uku ke nan, ba rumbu, ba biya. An haɗa da hoton gidan: shuɗiyar ƙofa mai tsaga, ƙofar gidansu, inda ta saba leƙen titi tana yarinya.

"Kin yi submitting, kin tura duka?" abokiyar aikinta ta tambaya, tana ɗaukar jaka.

"Saura ɗaya."

Ta duba ranar karɓar bashin. Mako guda ne kafin mahaifinta ya bugo waya yana dariya, ya ce albasa ta yi kuɗi bana, ta je ta biya makarantar Landan ɗin.

Ta zaɓi fari.